Usur na Ƙarfe Shida

Zango, Damagaram
20 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Kulu 'yar kawuna, baiwata ta Kano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu tana yadda kika san ta. Ruwan bana ya kayar mini da katangar bayan gida, na jingina kwano a wurin, ban sake bi ta kanta ba.

Wasiƙarki ta zo ta hannun Ɗanƙarami direba. Kin sake tambaya don me ba zan yi magana a waya kamar mutane ba. Ina da waya, Kulu. Da ita nake jin rasuwa da haihuwa. Abin da ya wuce haka takarda nake ba. Wani da muka yi lakwal tare, makaranta a bakinku, ya tura layi uku a waya, ya yi wata biyu a kaso. Takarda kuwa in an karanta ana iya ƙona ta.

Na ji batun ɗanki Idirisu. Kin ce tun bayan zanga-zangar nan 'yan sanda ke kwasar maza a unguwarku, kuma sau biyu suna tare shi yana dawowa daga aiki. Turo shi. Akwai ɗaki. Telolin Zango sun yi yawa, kekunansu duk tari suke yi, babu mai gyaran kirki. In da gaske ne yana sa kunne ya gane ciwon keke kafin ya kwance shi, ba zai zauna banza ba.

Kada ki ɗauka yabon ƙasar nan nake yi. Shekara talatin da huɗu na yi da alli a hannu, tun daga Dakusa har na dawo birni. Tuta ɗaya na gani, masu mulki iri-iri, kowanne ya zo ya ce mana yau ne muka samu 'yanci. Na daina tafi tun tuni. Amma in aka haɗa mu da Kano, to dole in buɗe baki. Kakanninmu sun kai dawaki har gindin ganuwarku, kakanninki suka kulle ƙofa suna leƙe. Kuma har gobe mu muke da tsari. A nan, ƙarfe shida na yamma in za a sauke tuta a gaban komisariya, wato caji ofis ɗinku, ɗan sanda ya busa usur, duk wanda ke kan titin tsayawa yake cak. Mai kabu-kabu ya kashe mashin, mai talla ta yi shiru, har tuta ta sauka. Ku kuwa ko salla aka tayar sai an samu mai ƙarasa ciniki.

Ki aiko shi. A nan ba a harbin mutane a kan titi.

Ubangidanki,
Mutari

*

Fagge, Kano
27 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Mutari ɗan gwaggo, Bafaranshen Damagaram,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai hawan jinin nan da ke taso mini in na ji jiniya. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Katanga kuwa ka kira magini, tsoho da kai kana zaune bayan kwano kamar mai kiwon kaji.

Wa ce baiwarka? Kai da ka zo Kano a saba'in da tara da wando mai faɗin ƙafa kana neman burodi dogo kamar sanda, muka yi ta dariya har ka yi fushi ka ƙi cin tuwo.

Na karanta wa su Zakiyya matar Idirisu wurin dawakin nan, mun sha dariya. Wancan karon cewa ka yi igwar Damagaram ta girgiza Dala. Yanzu kuma gari guda ne ke daskarewa don an busa usur. Har akuyoyi ma tsayawa suke, ko? Mutari, ka girma ka daina.

Yanzu maganar gaskiya. Idirisu zai biyo Ɗanƙarami ranar Asabar. Shekararsa talatin da huɗu, 'ya'yansa biyu, amma ni har yau in ya yi jinkirin dawowa ba na iya zama. Ba shi da faɗa, ba shi da baki. Aibinsa ɗaya, in yana tunanin aiki ba ya ganin gabansa. Shi kaɗai ne namiji da Allah ya bar mini. Na ba ka amanarsa. Ban taɓa roƙonka komai ba da ba da wasa ba, wannan ne na farko.

Ga kilishi da man zafi na gwiwa. Kilishin naka ne, kada ka ce na Nijar ya fi.

Uwargijiyarka,
Kulu

*

Zango, Damagaram
24 ga Satumba, 2024

Kulu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Na san kin kira wayar Idirisu ba ta shiga. Tana wurin 'yan sanda, shi ma yana wurinsu tun ranar Alhamis. Yana da rai, yana cin abinci, ni nake kai masa. Ya ji ciwo a gefen kai. An samu saɓani ne a kan titi lokacin sauke tuta. Ina wurin aka yi.

Kada ki zo. Kada ki turo kowa. Kada ki faɗi wannan a waya. Ina bin hanyar da ake bi.

Mutari

*

Fagge, Kano
26 ga Satumba, 2024

Mutari,

Wa alaikumus salam. Lafiyar ke nan da za ka ji. Zakiyya ta yi kwana biyar ba ta ci abin kirki ba, yara suna tambayar babansu.

Wannan wasiƙa ce ko takardar magani? Layi nawa ka rubuto mini? Kai da kake cika shafi uku a kan dawakin kakanninka. Wane irin saɓani? Wane irin ciwo? Ya zubar da jini? Likita ya gan shi?

Sau goma na karanta. Abin da ya riƙe ni shi ne da ka ce kana wurin. Alhamdu lillahi da kana wurin. Na san bakinka, na san ba ka tsoron mai kaki, ka zazzage musu Faransancin nan naka har sun rasa ta cewa. Da shi kaɗai ne, baƙo, ban san abin da za su yi masa ba. Allah ya saka maka.

Sai dai abu ɗaya ke cina. Batun usur ɗin nan ashe gaskiya ne? Mutari, wallahi na ɗauka cika bakinka ne irin na kullum. Ban faɗa masa ba. Da zai tafi na ce ya kula da takardunsa, ya kula da ruwan sha, ya yi maka biyayya. Usur ko a raina bai zo ba. Kai ka faɗa masa?

Kuma ban gane hanyar da ake bi ba. Mu a nan ana dukanmu, ban musa ba, abin da ya sa na turo shi ke nan. Amma in an daki ɗanka kana ihu. Kana zuwa gidan rediyo, kana samun lauya, mata su taru a ƙofar caji ofis har a ji kunya. Wani lokaci a ci nasara, sau da yawa ba a ci ba, amma an yi ihun. Ku da kuka kori Turawa kuna ta murna, ba ku da bakin tambayar ɗan sanda don me? Kai ne mai ilimi a dangi. Ka rubuta ƙara. Ka sa sunanka a matsayin shaida, tunda da idonka ka gani.

Ka ba Ɗanƙarami amsa gobe-gobe, ko layi biyar ne.

Kulu

*

Zango, Damagaram
9 ga Oktoba, 2024

Kulu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri, ban ga amfanin rubutu ba sai da abin faɗa.

An sake shi shekaranjiya. Ga shi nan tare da wannan wasiƙa, a kujerar gaba, na roƙi Ɗanƙarami kada ya haɗa shi da kowa. Kayan aikinsa suna cikin buhu. Kan keken da yake ɗauke da shi ranar ya fashe, na yi magana da mai shi, ya yafe.

Ba a kai shi gaban alƙali ba. Takarda ɗaya aka nema, aka yi, ya sa hannu, suka buɗe ƙofa. Babban 'yan sandan ɗalibina ne a da, a wata lakwal ta Kara-Kara. Ya ba ni kujera, ya kira ni Mushe kamar yadda yara ke kiran malami a nan, har ya aika aka kawo mini ruwan sanyi.

Batun ƙara ki bar shi. Kin ce ku kuna ihu. Na ji. Shekara nawa kuna ihun, me ya ragu? Mu muna shiru, ku kuna ihu, sanda dai iri ɗaya ce, ina jin ma kamfani ɗaya ke yi mana ita. Ke kina alfahari an bar ki ki yi kuka, ni ina alfahari titinmu babu hayaniya. Na yi shekaru ina gardamar nan da Kanawan kasuwa, yanzu ko buɗe baki ba na iyawa.

Ki kai shi likitan kunne.

Mutari

*

Fagge, Kano
3 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Malam Mutari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu mun gode Allah.

Idirisu ya iso. Mun je asibiti sau uku. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama yana ji, amma da ƙara a ciki kamar ana tafasa ruwa. Makon jiya wani tela ya kawo masa keke. Ya taka, ya sunkuya, ya juya kai ta nan, ya juya ta can. Ya daɗe. Sannan ya ce wa mutumin ya kai wani wuri. Ya shiga ɗaki.

Na tambayi likitan ko zai rubuta mana abin da ya gani. Ya ce zai rubuta, wannan ba faɗuwa ba ce, duka ne, kuma ba ɗaya ba. Wani lauya ɗan unguwarmu ya ce akwai masu bin irin wannan ko a ƙetaren iyaka ne, amma sai ya san abin da ke cikin takardar da aka sa wa hannu. Idirisu bai sani ba. Da Faransanci take. Ya ce kai ka rubuta ta a gabansa, da alƙalaminka, ka nuna masa wurin sa hannu, shi kuma ya sa don kai ne.

Ba ya maganar ranar. Na matsa masa, na ce to kawunka fa, me ya ce musu? Ya dube ni ya ce, "Inna, Kawu yana tsaye." Na ce na san yana tsaye, me ya yi? Ya ce, "Yana tsaye dai."

Na yi maka godiya a wasiƙata, ka karɓa ba ka ce komai ba. Tambaya biyu nake yi, Malam. Me ka rubuta? Kuma me ka yi lokacin da ake dukan ɗana?

Kulu Abdullahi

*

Zango, Damagaram
1 ga Disamba, 2024

Kulu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi da man da kika aiko. Allah ya ba Idirisu haƙuri.

Shekara arba'in da biyar muna rubuta wa juna, wannan ce wasiƙarki ta farko da babu zagi a ciki. Na lura. Na ajiye ta wata guda a ƙarƙashin tabarma. Ga amsa.

Ranar Alhamis ce. Mun fito daga shagon wani tela, Idirisu ya ɗauko kan keke a kafaɗa zai ƙarasa gyara a gida. Yana gabana da kamar taku goma, don ni gwiwa ba ta barina sauri. Hanyarmu ta bi ta gaban komisariya. Kwana goma sha tara yana gidana, mun yi hirar siyasa, mun yi ta ƙwallo, na koya masa gaisuwa da Faransanci. Usur ban faɗa masa ba. Ba mantawa na yi ba. Ban san abu ne da ake faɗa ba, kamar a ce wa mutum in ya ga rami ya tsallake.

Aka busa. Titi ya mutu. Idirisu ya ci gaba da tafiya, kansa a sunkuye, ina jin lissafin keken yake. Wani ɗan sanda ya daka masa tsawa da Faransanci. Bai san da shi ake ba. Su biyu suka taso, yara ne, ba su kai shi shekaru ba. Na farko ya mare shi, keken ya faɗi. Ya ɗaga hannu yana cewa, "Yallaɓai, lafiya? Me na yi?" Da suka ji harshensa ɗayan ya ce, "Ɗan Najeriya ne. Nan ba ƙasarku ba ce ta rashin ta-ido." Sai sanda.

Kin tambayi abin da na yi. Ina tsaye. Ƙafafuna a haɗe, hannuwana a gefe, haɓata a sama, yadda na koya wa yara shekara talatin da huɗu. A Dakusa na taɓa tsinka wa wani yaro mari don ya kori ƙuda daga fuskarsa ana ɗaga tuta. Taku goma ne tsakanina da ɗanki. Kalma biyar ta isa: baƙo ne, bai sani ba. Ina da su da Hausa, ina da su da Faransanci. Amma tuta ba ta gama sauka ba, kuma ba a magana tuta tana sauka.

Ina so in ce miki tsoro ne. Da tsoro ne da na ji sauƙi, kowa yana tsoro. Ban ji tsoro ba, Kulu. Ban ji komai ba. Idona ɗaya na kan igiya, ina jira ta ƙare. Na ƙirga sanda bakwai. Mu kusan arba'in ne a titin, babu wanda ya motsa. Da aka busa na biyu, masu kabu-kabu suka ta da mashinansu, mai awara ta juya abin da ke cikin mai don kada ya ƙone. A lokacin na taka, na ce baƙona ne. Sun riga sun ja shi ciki.

Takarda kuwa ga abin da ta ce, na mayar miki da Hausa kalma da kalma:

"Ni Idirisu, baƙo a wannan ƙasa, na amsa cewa na ji usur na ƙi tsayawa da gangan, don raina tuta. Raunin da ke kaina na same shi ne da na yi tuntuɓe na faɗi a kan ƙarfen da nake ɗauke da shi. Babu wanda ya taɓa ni. Ina neman afuwar hukuma, ina gode mata."

Tsohon ɗalibina ya ce ko dai wannan, ko alƙali da wata shida. Ya ce yaransa ba su iya rubutu mai kyau ba, in taimaka. Ban yi gardama ba. Na rubuta a zama ɗaya, babu gogewa ko ɗaya. Ya ɗaga ta yana nuna wa na ƙasa da shi, yana cewa ku ga rubutun mutanen da. Na ji daɗin yabon, Kulu. Na ɗan lokaci kaɗan, amma na ji. Wannan ma ki sani.

Ki faɗa wa lauyanku takardar tana nan a wurin 'yan sandan da sa hannun Idirisu. A cikin ambulan ɗin nan akwai wata, ita ma da hannuna, da Faransanci da Hausa. Na rubuta abin da na gani, sanda bakwai, da abin da ɗan sandan ya faɗa, da yadda aka yi ta farkon. Na sa cikakken sunana da lambar katina da unguwata. Ban kai ta ko'ina ba. Na je ƙofar gidan shari'a sau biyu da ita a aljihu, na dawo. Ke kika iya ihu. Ki yi abin da kika ga dama da ita. In sun zo nemana ina gida, katangar ma a buɗe take.

Saura abu ɗaya. Jiya na yi wanka, na sa riga mai kyau, na tafi titin nan shida saura kwata. Na yi niyyar in an busa in ci gaba da tafiya, a hankali, da sandata, in wuce ta gabansu, su yi abin da za su yi. Ba don ya gyara kunnen Idirisu ba. Ina so ne in samu abin da zan rubuto miki.

Na auna tafiyata daidai. Ina tsakiyar titi aka busa.

Na tsaya, Kulu. Ban san lokacin da ƙafafun suka haɗe ba. Ɗan sandan da ya fara marin yana bakin ƙofa. Da tuta ta sauka ya dube ni, ya ɗaga mini hannu, ya ce, "Sannu Baba."

Na amsa.

Ki gaida Zakiyya da yara. Idirisu kuwa kada ki ce ina gaishe shi, sai in shi ya tambaya.

Mutari